Hanyar Birnin Gwari ta buɗe, amma Gwaggo ba ta barci

Da hantsi muka bar tashar Mando da ke Kaduna, mu bakwai a cikin wata tsohuwar Sharan. Rabona da Birnin Gwari shekara shida. A wancan lokacin sai an jira rakiyar sojoji kafin a bi hanyar, wani lokacin ma rakiyar ba ta hana komai. Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta Jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 motoci suka dawo, har da manyan motocin shanu.

Mun wuce Buruku ana ta musun farashin masara. Da muka doshi Kuriga sai direba ya kashe rediyo, ba wanda ya ce masa ya kashe. Nan ne aka kwashe 'yan makaranta ranar 7 ga Maris 2024, aka dawo da 137 bayan sama da mako biyu a daji. Matar da ke kusa da ni ta ce ɗan maƙwabciyarta yana cikinsu. Ƙafafunsa da suka kumbura sun warke tuni, amma har yau ko ƙarar babur ya ji sai ya shige ƙarƙashin gado.

Gwaggo na same ta ta rame, ƙafa ta kumbura. Hawan jini ne. Asibitin ƙauyensu ya kulle bayan ma'aikatan sun gudu, ta yi kusan shekara biyu ba ta sha magani ba, kafin su baro ƙauyen su dawo gari. Jikarta kuwa, wadda aka haifa suna gudun hijira, ba a yi mata ko rigakafi ɗaya ba, kyanda ta kama ta, sai tamowa ta biyo baya. Gonar da za ta ciyar da su ta koma daji, shekara uku ba a sa mata garma ba. Yanzu duk mako uwar tana kai ta a auna damtsenta, a ba ta 'yan leda na kunun gyaɗar nan mai kauri.

Na ce, "Gwaggo, ki bari in tafi da ke Kaduna, akwai likitocin damuwa a Barnawa."

Ta harare ni. "Ɗan nan, ni za ka kai asibitin mahaukata? Tsoro ne kawai, zai wuce."

Ban ja maganar ba, ko da yake na san tsoron nan ne ke hana jinin nata sauka.

Wajen ƙarfe biyu na dare wani babur ya wuce ta bayan gida. Na leƙo tsakar gida, sai ga Gwaggo zaune a bakin ƙofa, takalminta a ƙafa, jikar a goye, carbi a hannu. Haka ta zauna har aka kira assalatu.