Abin da waƙar girkin gida ta koya mini a Memphis

Abokan aikina na situdiyon naɗar waƙa a Memphis ta Amurka sun san labarin nan, amma daga bakin oga kaɗai suka ji shi. Tunda na ajiye aiki, ga nawa.

Wani dattijo mawaƙi ya zo da waƙarsa a rubuce a bayan takardar kuɗin wuta. Babu zancen budurwa, babu na mota, girkin mahaifiyarsa kawai: soyayyar kaza, burodin masara a kaskon ƙarfe, waken da ya kwana a jiƙe, da ganyen da ake bari a wuta har a taso daga coci ran Lahadi. Kiɗan kuwa rok an rol ne na shekarun 1950, minti biyu da rabi an gama. Ya ce mini, "Ɗana, so nake mai sauraro ya ji ƙamshin mai."

Sai na bi hanyar mutanen da. Na tara mai jita, mai ganga da mai fiyano a ɗaki guda, makirufo kaɗan, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. Na ɗora wa muryar gajeriyar amsa-kuwwar nan da mai naɗar waƙa Sam Phillips ya yi suna da ita a situdiyonsa na Sun Studio a Memphis, inda mawaƙi Elvis Presley ya naɗi faifansa na farko da ya shiga kasuwa a 1954. Shi Phillips da na'urorin tef biyu yake yi, ta biyun tana maido da muryar bayan ɗan ƙiftawar ido. Har ƙarar kujerar mai fiyano na bari a ciki.

Oga bai saurari rabinta ba ya kashe. Wai ƙazanta ce, wai wa zai sayi waƙar wake? A gaban yara masu koyon aiki ya faɗa. Ya sa aka sake ɗaukar kowa shi kaɗai, kwamfuta ta miƙar da muryar dattijo har ta koma ta saurayi. Aka saki wannan. Shiru kake ji.

Ta farkon, wadda na tura wa dattijon don ya ajiye, jikarsa ta ɗora a YouTube. Masu gidajen abinci suka fara sa ta, wata ƙaramar tashar rediyo ta ɗauka, mutane na ta rubuta abin da iyayensu ke dafawa. Wasu sun ce kwaikwayon tsoho ne kawai, babu sabon abu. Da gaskiyarsu, amma sun saurara har ƙarshe.

Ɗan jarida ya zo, oga ya gyara zama ya yi masa bayanin amsa-kuwwa, da kalmomina.

Ga masu shigowa: kada ku goge ɗaukan farko, komai faɗan da za a yi muku. A rubuta sunanku a takarda kafin a kunna na'ura, ba bayan waƙa ta karɓu ba. Mawaƙi tsoho ya fi ku sanin muryarsa.

Na ji an ce yanzu situdiyon na tallar "sautin da", har da ƙarin kuɗi. Makirufon da nake amfani da su na nan a durowa ta ƙasa, in akwai wanda ya san inda ake kafa su.