Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bayan Na Miƙa Makullan Ofis

A makon jiya na tsaya ne a kan takardar da sashen kula da ma'aikata ya aiko mini, wadda ta sanar da ni ranar da zan ajiye aiki. Yau zan ba da labarin abin da ya biyo baya, domin na lura cewa masu ba da tarihinsu sukan tsawaita a kan shekarun fafutuka da ƙarin girma, amma idan suka zo kan ritaya sai su dunƙule ta cikin layi biyu, alhali wasunmu a cikinta za su shafe kusan kashi ɗaya bisa huɗu na rayuwarsu.

Miƙa aikin bai ɗauki lokaci ba. Na rubuta takardar miƙa ragama, na jera fayilolin da ba a kammala ba, na nuna wa wanda ya gaje ni inda littattafan lissafi suke, na ba shi lambobin sirrin kwamfuta, sannan na zare makullan ofis daga zoben da na haɗa su da na gida, na ajiye masa a kan tebur. Da na mayar da zoben aljihu sai na ji ya yi sakayau, har na sake laluba shi don in tabbatar yana nan. An yi ɗan taron ban kwana, an faɗi kalamai masu daɗi, an ɗauki hotuna, kuma tun kafin in kai bakin ƙofa kowa ya koma kan teburinsa, domin ranar aiki ce kuma ƙarshen wata ya gabato.

Makonnin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi barcin da nake bin kaina bashi, na karanta littattafan da na daɗe da saye ban buɗe ba. Sai dai sabo turken wawa ne. Jikina ya ci gaba da tashina a lokacin da ya saba, in yi wanka, in sa kaya masu guga, in zauna a falo a shirye tsaf, ba tare da akwai inda ake jirana ba. A lokacin wanda ya gaje ni yakan kira ni, ya ce, "Yallaɓai, a yi mini afuwa, ina aka ajiye bayanan kwangilar bara?" Nakan amsa masa da ɗoki, in ƙara da bayanin da bai tambaya ba, shi kuma ya saurara cikin ladabi har in gama. Sannu a hankali kiran ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, hasali ma ni da bakina na sha gaya wa na ƙasa da ni cewa ofishin da ba ya iya tafiya sai da mutum ɗaya ofishi ne marar tsari. Amma sanin gaskiyar magana daban yake da jin ta a jikinka, musamman idan wayar da a da ba ta barinka ka huta ta wuni a gefenka shiru, har ka riƙa duba ko caji ne ya ƙare.

Abu na biyu da na gano shi ne gidana na da rana wani gida ne dabam da wanda na sani. Shekara da shekaru ina fita da safe in dawo da yamma, don haka ban taɓa sanin wace maƙwabciya ce take leƙowa da hantsi ba, ko lokacin da ake shara, ko lokacin da uwargida take kishingiɗa ta huta kafin jikoki su dawo daga makaranta. Duk wannan tsari ne da aka gina ba da ni ba, kuma yana tafiya lafiya. Da yake ni akanta ne, idona bai iya ganin kashe kuɗi ya wuce ba tare da tambaya ba, sai na fara neman a riƙa rubuta cefane a littafi. Uwargida ta bar ni na yi kwanaki ina jan layi da rula, sannan wata rana ta zauna kusa da ni tana murmushi, ta ce, "Malam, gidan nan ya daɗe yana wuni ba ka nan, kuma ga shi bai rushe ba. Ka nemi abin da za ka lissafa a waje, ka bar mana namu." Na yi dariya, ita ma ta yi, amma littafin bai sake fitowa ba. Ina ganin masu shirya wa ma'aikata bitar ritaya ya kamata su riƙa gayyatar matansu ko mazajensu, domin ritayar mutum ɗaya takan sauya rayuwar mutum biyu, kuma na biyun ba a taɓa aiko masa da takardar sanarwa ba.

Da zama ya yi zama, sai na shiga binciken inda aka samo wannan adadi na shekaru da ake cewa idan mutum ya kai shi ya gama aiki. Ƙasar Jamus ce ta fara kafa tsarin fanshon tsufa na ƙasa baki ɗaya a shekarar 1889, a zamanin shugaban gwamnati Otto von Bismarck, kuma shekarun da aka sa su ne 70, lokacin da ma'aikata ƙalilan ne suke kaiwa can. Shi kansa Bismarck yana da shekara 74 a lokacin, kuma yana kan mulki. A 1916 aka sauko da adadin zuwa 65, Amurka ma ta ɗauki 65 a dokar da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1935. Yanzu kuma da mutane suke daɗewa a duniya, gwamnatoci sun juya suna ɗaga adadin. Faransa ta zartar da dokar ɗaga shi daga 62 zuwa 64 a 2023, abin da ya fitar da jama'a tituna suna zanga-zanga, ƙasar Sin kuma ta fara ɗaga na maza daga 60 zuwa 63 a hankali tun daga Janairun 2025. Wanda ya yi aikin lissafi ba ya buƙatar a fassara masa wannan: adadin yana hawa da sauka ne gwargwadon abin da baitulmali zai iya ɗauka, babu ruwansa da ko gwiwarka tana ciwo ko ƙwaƙwalwarka tana nan garau. Na san wanda ya gaji tiɓis tun yana da shekara 52, na kuma san wanda aka sallama yana kan ganiyar basirarsa.

Sanin haka ya rage mini wani nauyi, domin a da ina kallon takardar nan tamkar hukunci ne aka yanke a kan amfanina. Matsakaicin tsawon rai a duniya yanzu ya haura shekara 70, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye. Wato mu masu zaman falo da hantsi muna da yawa, kuma ƙaruwa muke yi. An kwashe shekaru ana koya mana yadda za mu shiga aiki, tun daga firamare har zuwa kwasa-kwasan ƙarin girma, amma fita daga aikin bitar kwana biyu aka ware mata, ita ma rabinta a kan cike fom ta ƙare.

Shi tsufa kuwa bai jira takardar kowa ba, tun ina tsakiyar shekaruna na arba'in ya yi mini sallama. Na fara lura ina nesanta takarda da fuskata kafin in iya karanta ƙananan lambobi, har hannuna ya kai iyakar miƙewarsa. Likitan ido ya bayyana mini cewa madubin da ke cikin ido yakan taurara bayan shekara 40, ya kasa lanƙwasawa don ganin abu na kusa, kuma kusan kowa sai ya gamu da wannan. Ya rubuta mini tabarau, na yi ta ɓoye shi a aljihun gaba, sai in zaro shi a sace idan lambobi sun gagara. Hawan jini shi ma a waɗannan shekarun aka gano mini shi, a wani gwaji da na je yi don wata buƙata dabam, ba tare da na taɓa jin ciwon komai ba. Aka ce mini idan awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka to ya zama ciwo, kuma yawancin masu shi ba sa jin wata alama. Amma a lokacin hayaniyar aiki ta rufe komai, ga kuɗin makarantar yara, ga iyaye da ƙarfinsu ya fara ja baya suna buƙatar kulawa, mutum yana tsakiya ana jansa ta sama da ta ƙasa, ba shi da sukunin sauraron jikinsa.

Bayan ritaya ne na gane cewa aikin ma yana motsa ni ba tare da na sani ba. Hawa bene, zirga-zirga tsakanin ofisoshi, tsayuwa a gaban na'urar buga takardu, duk sun tafi tare da makullan. Cikin 'yan watanni sai na ji tashi daga kujera yana neman dafa gwiwa. Likitana ya ce tsoka takan fara raguwa tun daga wajen shekara 30, raguwar kuma takan yi sauri bayan 60, musamman ga wanda ya zauna wuri ɗaya. Ya kawo mini shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu, ga waɗanda suka kai 65 kuma a ƙara da na daidaita tsayuwa don gudun faɗuwa. Da na raba 150 gida biyar na ga minti 30 ne kacal a rana, sai na ji kunyar in ce ba ni da lokaci.

Tafiyar ƙafa ce ta kai ni ga abin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk wannan labari, wato mutane. A wurin aiki kullum kana cikin jama'a, ana gaisawa, ana raha, ana musu, har ka ɗauka kana da abokai da yawa. Ranar da ka daina zuwa za ka gane cewa yawancinsu ginin ne ya haɗa ku, kuma babu mugunta a cikin hakan, kowa da abin da ya sha masa kai. Akwai wani bincike da Jami'ar Harvard ta fara tun 1938, inda aka bi rayuwar ɗaruruwan maza tun suna samari har tsufansu, kuma daga cikin abin da masu binciken suka bayyana akwai cewa waɗanda suka fi gamsuwa da dangantakarsu da mutane a shekara 50 su ne suka fi lafiya a shekara 80. Ban yi mamakin sakamakon ba, mamakina shi ne yadda na kai wannan shekaru ina barin ofis ya shirya mini wanda zan gani da wanda zan yi hira da shi. An ce zumunta a ƙafa take, to sai na mayar da tafiyar da likita ya ɗora mini ta zama ziyara. Na fara da wani tsohon shugabana da ya riga ni ritaya da daɗewa, na same shi zaune shi kaɗai da rediyo a gefensa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ma an sako ka ke nan?" Muka wuni muna hira, kuma da zan tafi ya rako ni har bakin titi yana dogara sanda, yana ta maimaita cewa kada in yi nisa.

Shi ne ma ya ja mini kunne a kan kuɗin sallama. Ya ce da zarar an ji an biya ka, za ka ga masu shawarar kasuwanci suna sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da harkar da riba ke jira a cikinta, alhali kuɗi ne da ba za a sake biyan ka irinsa ba, fansho kuma bai kai albashi ba, ga hauhawar farashi tana cin sa a tsaye. Shawararsa ita ce kada in taɓa kuɗin sai hankalina ya kwanta, kuma kada in zuba su a sana'ar da ban taɓa yi ba. Masu shawarar sun zo kamar yadda ya faɗa, na saurare su, na yi musu godiya.

Abin lissafawa a waje da uwargida ta ce in nema, shi ma ta hanyar ziyarar nan ya samu. Ɗan wani abokina ya buɗe ƙaramar sana'a, ciniki yana tafiya amma kullum yana kukan bai san inda kuɗin suke shiga ba. Na ce ya kawo mini takardunsa, sai ya zo da rasitai cunkushe a cikin leda, wasu ma rubutun jikinsu ya goge. Na zaunar da shi na nuna masa yadda ake raba abin da ya shigo da abin da ya fita, da dalilin da ya sa aljihunsa da na sana'ar ba za su zama ɗaya ba. Da ya tashi tafiya ya ce, "Baba, ina da abokai biyu da irin wannan matsalar, ko zan iya zuwa da su?" Na ce ya zo da su ranar Talata da hantsi. Yadda waɗannan samari uku suka zama aji guda, da rigimar da aka sha da uwargida a kan falon da muka mamaye, shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.