Kare cikin kwale-kwale: karatun da na yi a Gidimuni

Lokacin da muke karatun kiwon lafiyar dabbobi, shanu da awaki da raƙuma suka cika mana kai. Kare kuwa, in aka cire allurar rigakafin hauka, ba a ko waiwaye shi ba. Sai da aiki ya kai ni Gidimuni, gabas da Mirriya kan hanyar Gure, na tarar da masunta da masu lambu da karnukansu, wasu har kwale-kwale tare suke shiga.

Ranar farko da wani dattijo zai tsallakar da ni tafkin garin, karensa ya riga mu ɗarewa. Ni da iyayi, na ɗauko igiya na ɗaura masa a wuya, na ƙulle a katakon zama.

"Ɗana, kwance shi."

"Baba, kada ya faɗa ruwa."

"In ya faɗa da igiyar nan, ya rataye. In jirgi ya kife, tare za su yi ƙasa."

Na kwance, kunya kamar in nutse ni ma. An ce iya ruwa fidda kai, kuma kare ya iya. Abin da bai iya ba shi ne hawowa jirgi in ya faɗa: ya yi ta kartar katako har ya gaji. Shi ya sa dattijon ya yi masa ɗamara da tsohon ƙyalle, ta zagaya ƙirji da bayan ƙafafun gaba, da abin kamawa a gadon baya. Da hannu ɗaya yake ciro shi. Daga baya na ga rigunan ceto na karnuka a intanet, su ma madaurinsu a wurin nan yake.

Ƙugiya ta fi ba ni wahala. Kare ya shinshino abincin kifi a jikin mamari, ya lanƙwame. Abin da hannu ke fara yi shi ne jan zaren, nan ne kuma ɓarnar take, don ƙayar ƙugiya baya take kallo, ja ɗaya sai ta yaga maƙoshi. A bar zaren da ɗan tsawo, a hana karen tauna shi, a nemi likitan dabbobi. In a leɓe ta kama, turawa ake yi gaba, a datse ƙayar, sannan a zare, amma sai an riƙe shi da kyau, don kare mai jin ciwo ko ubangidansa cizo yake.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu, Damagaram kan wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi irin namu, haki ne ke sanyaya shi. In ba a tafi masa da ruwa a jarka ba, na tafki zai sha. Inda ruwa ya kwanta ya yi kore shar kamar an zuba fenti, wannan gansakuka tana iya kashe kare cikin ƴan awoyi, ko da lasar jikinsa kawai ya yi bayan ya fito.

Kan hanjin kifi ne ni ma na samu abin faɗa wa Baba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, amma a Cadi ciwon ya maƙale a jikin karnukan bakin kogin Shari, kusan 2,000 a 2019 kaɗai, kuma ɗanyen kayan cikin kifi na cikin abin da ake zargi. Can binne su ake yi.

Ya saurara yana fiɗar tarwaɗa, karen na gefe yana kaɗa wutsiya.

"Yanzu ɗan rabon nasa ma za ka hana shi?"

"A dafa masa, Baba."

Bai ce uffan ba. Washegari na ga wata tsohuwar gwangwani a kan murhu, tana tafasa gefen tukunyar shayinsa.