Bawul ɗin radiyeta mai wayo: wutar gida maimakon batir

Ko a Jos da sanyinta, masu radiyetar ruwan zafi ta ɗumama ɗaki kaɗan ne, amma sun san yadda bawul mai wayo, wato na'urar da ke daidaita shigar ruwan da kanta, ke shan batir. Yawanci AA biyu yake ɗauka, volt 3 ke nan. Cajar waya kuwa volt 5 take bayarwa, ka jona kai tsaye allon lantarkin bawul ɗin na iya ƙonewa. Sa LM2596, ƙaramin allon rage volt, a tsakani, ka murɗa ɗan sukurun da ke kansa har mitar auna volt ta nuna volt 3 kafin ka haɗa, kada ka juya wayoyin + da -. Ƙara kafasito 1000µF, ɗan abin da ke riƙe wuta, domin ƙaramin injin da ke tura fil ɗin buɗe ruwa da rufe shi yana fizgar wuta, sai bawul ya mutu ya tashi. Babbar damuwa ɗaukewar wuta ce: duk dawowarta sai bawul ya sake auna fil, don haka layin inbata ya fi. Wayar wutar kuma a nisanta ta da bututun zafi.