Abin da takardun rangwame na intanet suka kawo shagona na gyaran jiki

Tun shekarar 2012 nake riƙe da shagon gyaran jiki na mata a unguwar Gwarinpa da ke Abuja, sana'ar da na koya a hannun wata gwaggona a Maiduguri kafin aure ya kawo ni nan. Aikinmu shi ne halawa da dilka da kurkum da lalle ja da baƙi, sai turaren jiki ga amare da matan aure. Halawar mu muke dafa ta da kanmu, sukari da lemun tsami da ruwa, a bar shi a wuta har ya yi danƙo, kuma wadda ba ta san lokacin saukewa ba za ta ɓata tukunya guda a banza. Ɗakuna uku gare mu da ma'aikata huɗu, kuma halawa da dilka na mace ɗaya kan ci kusan awa biyu idan ana so a yi shi yadda ya kamata. Babbar damuwar wannan sana'a ita ce ranakun ba su daidaita ba: Juma'a da yamma da Asabar sai mun mayar da wasu gida, amma Talata da Laraba sai yarana su wuni a zaune, alhali albashinsu yana tafiya, kuɗin hayar shago kuma na shekara ake biya gaba ɗaya.

Wannan damuwar ce ta sa na saurari wani saurayi da ya shigo shagon a watan Afrilun 2016, ya ce daga wani shafin intanet mai tallar rangwame yake. A lokacin irin waɗannan shafuka suna tashe. Asalin tsarin daga Amurka ne, inda kamfanin Groupon ya fara a birnin Chicago a ƙarshen 2008, ya bunƙasa cikin sauri har Google ya taya shi kimanin dala biliyan 6 a 2010 masu shi suka ƙi sallamawa. A Najeriya wanda ya fi suna shi ne DealDey, wanda Sim Shagaya ya kafa a Legas a 2011 kafin ya kafa shagon intanet na Konga, bayansa kuma wasu ƙanana suka biyo sahu, kuma da ɗaya daga cikin ƙananan nan na yi hulɗa. Yadda abin yake shi ne, mai shago zai rage farashin wani aiki da rabi ko fiye, shafin ya tallata shi ga mutanen da yake aika wa imel kowace safiya, mai so ya biya shafin da katinsa na banki, a turo masa takarda mai ɗauke da lamba, ya kawo ta shago a yi masa aiki. Saurayin ya nanata mini cewa ba zan biya ko sisi na talla ba, kamashonsu kawai za su cire daga abin da aka sayar.

Halawa da dilka a lokacin naira 10,000 nake yi. Muka mayar da shi 5,000, shafin ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari, wato 1,500, ni kuma 3,500 ta rage mini. Da na lissafa sukari da lemun tsami da kayan dilka da ruwan tanka da man janareta da ɗan ihsanin da nake ba yarinyar da ta yi aikin, sai na ga kowace mace tana cin kusan 3,000. Na san babu riba a ciki, amma na ce a raina ai ɗakunan a buɗe suke ranar Talata ko da kowa ko babu kowa, kuma idan mace ta ɗanɗana aikinmu sau ɗaya za ta dawo da cikakken kuɗi. Abu biyu ne ban yi ba, kuma su ne suka jawo duk abin da ya biyo baya: ban ƙayyade yawan takardun da za a sayar ba, ban kuma sa an rubuta ranakun da za a riƙa karɓarsu ba. Daga baya ne na ji labarin wata mai gasa kek a Ingila wadda a 2011 ta yi irin wannan sakaci, mutum 8,500 suka sayi takardarta, ta wayi gari da bashin ƙananan kek sama da dubu ɗari a kanta. Nawa bai kai ko kusa da haka ba, amma ramin ɗaya ne.

A farkon watan Mayu tallar ta fita, cikin kwana huɗu aka sayar da takarda 214, wa'adinsu wata biyu. Ban gama murna ba gwamnati ta mayar da litar fetur naira 145 daga 86 da kwabo 50, a wata mai zuwa kuma Babban Banki ya saki naira ta faɗi warwas, kayan turare da muke saye ta hannun 'yan Maiduguri suka tashi, sukari ma ya bi su. Naira 500 ɗin da na bar wa kaina a kan kowace takarda ta narke, na koma ina cikawa daga aljihuna, kuma babu halin in ƙara farashi domin an riga an sayar da alkawarin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, shi ne halin da matan da suka sayi takardun suka shiga, domin su ne suka tsinci kansu tsakanin shafin da ya karɓi kuɗinsu da shagon da zai yi musu aiki. A lissafi ɗakuna uku za su iya ɗaukar mace goma sha biyu a wuni, saboda haka 214 a wata biyu ba wani abu ba ne. Sai dai yawancin masu sayen ma'aikatan ofis ne, su ne masu duba imel da safe kuma masu katin banki a hannu, kuma babu wadda take da sararin zuwa ranar Talata da hantsi. Kowacce Asabar take so, ranar da tsofaffin kwastomomina suke zuwa. A ƙasan takardar an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa sai an kira an kama lokaci kwana biyu kafin zuwa, kuma mutum ɗaya takarda ɗaya, amma hoton da ke sama da farashin da aka ja wa layi su ne ido yake gani. Wata ta sayi guda biyar da sunanta domin ƙanwarta amarya da ƙawayenta, ta zo da su a mota ɗaya, tana zaton kowace takarda ta haɗa da lalle saboda hannu mai lalle ne a hoton, hoton da ba ma a shagona aka ɗauka ba. Ban ga laifinta ba, domin abin da aka nuna mata ta saya.

Wata Asabar a cikin azumi na dawo daga kasuwar Wuse da misalin ƙarfe biyu, na tarar da wata dattijuwa a kan bencin ƙofa, ta ninke takardarta gida huɗu ta riƙe a hannu tare da carbi. Na gaishe ta, na tambaye ta ko an fara mata aiki.

Ta ce, "A'a, 'yata. Tun ƙarfe goma nake nan. Yarinyarki ta ce masu takarda sai an gama da masu biya."

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri don Allah, ai ke ma kin biya."

Ta ce, "Shi ne abin da na gaya mata. 'Yata ce ta saya mini, daga Kubwa na hau mota biyu na zo, kuma ba roƙo na zo yi ba."

Ban taɓa ba da wannan umarni da bakina ba, amma yarana sun ji ni ina ƙorafin asarar da takardun suke jawowa, suka ɗauka abin da nake so ke nan. Na shigar da ita ɗakin da nake aiki, na yi mata da hannuna, na ƙara mata jan lalle a ƙafa, amma har ta tafi fuskarta ba ta saki ba, kuma ba ta sake dawowa ba. Daren nan bayan shan ruwa na tara su, na ce daga yau wadda ta riga zuwa ita za a fara yi wa, kuma kada in sake jin kalmar "masu takarda" a shagon nan. Ragin ni na amince da shi na sa hannu, ba matar ce ta ƙwace shi ba, kuma babu dalilin da zai sa a rage mata dilka ko a gaggauta mata halawa domin ta amsa tayin da ni na yi. Da yawa daga cikinsu sun ba ni labarin irin wannan a wasu wurare: gidan abincin da ke da wani kwano daban na masu takarda, wurin wankin motar da kullum zai ce yau an cika. Sun saba shigowa shago a ɗarare, suna jiran a wulaƙanta su.

Wa'adin takardun ya zo ƙarewa a farkon watan Yuli, daidai da makon ƙaramar Salla, lokacin da kowace mace take neman lalle. Waɗanda suka ajiye takardunsu suka tuna da su a lokaci guda. Wayar shago ba ta huta ba, muna aiki har ƙarfe goma sha ɗaya na dare da janareta, na kuma rasa wata Hajiya da ta shekara uku tana zuwa wurina da 'ya'yanta mata biyu, domin ta kira sau biyu ba ta samu wuri ba ta koma wani shagon. A ƙarshe mace 170 muka yi wa aiki, 44 ba su samu ba. A yarjejeniyarmu shafin ba ya biyana sai na tura masa lambar takardar da aka yi amfani da ita, kuɗin ma sai bayan makonni yake shigowa, ita kuma wadda wa'adinta ya wuce ba a mayar mata da komai. Wato kuɗin waɗannan 44 bai zo hannuna ba, bai kuma koma hannunsu ba. Na buɗe littafin kama lokaci na ga cewa 19 daga cikinsu sun kira cikin wa'adi mu ne muka ce babu wuri, saboda haka na kira su ɗaya bayan ɗaya bayan Salla na yi musu aikinsu ba tare da na karɓi komai daga kowa ba. Haƙƙi ne a wuyana, kuma ban ga yadda zan kwana da shi ba.

Sai batun ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Cikin mata 170 ɗin, goma sha ɗaya ne suka dawo suka biya cikakken farashi, kuma huɗu daga cikinsu har yanzu suna zuwa. Ɗayarsu ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, wadda safiyar Talata ta fi mata kowane lokaci, kuma ta kawo mini abokan aikinta da dama. Sauran kuwa sun gaya mini gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa duk inda ragi ya fito a wata mai zuwa can za su je, ko a Wuse ko a Garki. Ban zarge su ba, domin shekarar matsi ce, albashi bai ƙaru ba komai ya yi tsada. Amma na fahimci cewa kwastomomin shafin ne ba nawa ba, shi yake da sunayensu da imel ɗinsu, ni aro aka ba ni na awa biyu. A kasuwarmu ragi a gaban juna ake yin sa, a taya a ce albarka, a ƙara a sallama, mai kaya ya ɗora gyara da hannunsa, mai saye ya tafi yana sane da wanda ya yi masa alheri. A nan kuwa an yanke ragin kafin mu haɗu, godiyar ta tafi ga shafin, idan aka samu matsala kuma fuskata ake gani. Wata illa da ban hango ba ita ce tsofaffin kwastomomina da suka ga tallar sun fara tambayata dalilin da zai sa su biya 10,000 a kan abin da baƙuwa ta biya 5,000, kuma sai da na yi watanni kafin farashina ya koma mazauninsa.

Ba na cewa tsarin ba shi da amfani gaba ɗaya. Ya dace da sana'ar da ƙarin mutum ɗaya ba ya ƙara mata kashe kuɗi, kamar kujerar da za ta zauna babu kowa a ajin koyon ɗinki ko ɗakin otal da zai kwana a rufe. Sana'ar da kowace mace take cin sukari da turare da awa biyu na hannun mutum ba ta jure ragin rabi, balle a cire kamasho a kai. Su ma shafukan ba su daɗe ba: DealDey da kansa an sayar da shi ga kamfanin Ringier a 2016, zuwa ƙarshen 2018 kuma ya daina aiki, wanda na yi hulɗa da shi ma ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ragin yanzu ya koma Instagram da WhatsApp, kuma idan wata ta tambaye ni shawara kafin ta biya irin wannan tayi, nakan ce ta fara kiran shagon da kansa ta ji ko ya san da tallar, ta tambayi ranar da za a karɓe ta da abin da aikin ya ƙunsa, ta kuma kama lokaci a makon farko kada ta jira na ƙarshe.

Ni ma ban daina ragi ba, sai dai na mayar da shi hannuna. Talata da Laraba daga ƙarfe tara zuwa azahar ina rage kashi 20 cikin ɗari, mace shida kawai a rana, ina sanarwa a WhatsApp daren Lahadi ga waɗanda lambobinsu ke littafina, kuma ba na karɓar kuɗin kowa sai ta zo an gama mata aiki ta duba jikinta ta gamsu. A makon Salla da watan Disamba, lokacin bukukuwa, ba na yin sa ko kaɗan, kuma ina faɗa tun wata guda kafin lokacin.