Wasiƙa daga Ingila: Kunkuzomo da waƙoƙin da yara ke yi wa dabbobin da babu su

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyaye da malaman firamare musamman. Da fatan kowa yana lafiya ya iyali ya ɗawainiya. Mu nan sai godiya, sanyi dai ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma ka ga gari ya fara duhu.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun wata 'yar takarda ce da ɗiyata mai shekara bakwai ta dawo da ita daga makaranta. A ƙasar nan duk Alhamis ta farko a watan Oktoba ranar waƙa ce ta ƙasa, tun 1994 suke yi, to malamarsu sai ta ce kowa ya rubuta waƙa a kan dabbar da yake kiwo a gida, wanda ba shi da ita kuma ya ƙirƙiro tasa. Mu gidan haya muke kuma a takardar yarjejeniya mai gidan ya rubuta ƙarara ba kyanwa ba kare, don haka yarinya ta zauna ta haɗa kunkuru da zomo ta sa masa suna Kunkuzomo, kunnuwa zaƙo-zaƙo, baya kuma ƙoƙo.

Wallahi da na fara gani saura kaɗan in ce mata wannan ai shirme ne, babu irin wannan dabbar, ki rubuta a kan tsuntsu ko kifi mana. Allah ya sa na yi shiru na karanta har ƙarshe. Da Turanci ta rubuta, daga baya muka zauna ni da ita da mamanta muka mayar da ita Hausa, ita ke zaɓar kalmomin:

Kunkuzomo abokina,
Yana kwana cikin takalmina,
Ba ya jin maganar kowa,
Sai in na raɗa masa sunana.

In yara sun fita wasa,
Sai ya shige cikin ƙoƙonsa,
Ni ce ke zama kusa da shi,
Har tsoron ya bar zuciyarsa.

Jikina ya yi sanyi. Wata takwas kenan da zuwanmu a lokacin, kullum in na tambaye ta ya makaranta sai ta ce lafiya lau, ashe yarinyar nan ita kaɗai take zama lokacin tara, ba ta gane saurin maganarsu, kuma ba ta taɓa faɗa mana ba sai da aka ba ta dabbar da za ta ɗora wa abin. Dabbar ce mai tsoro, ita kuma ta zama mai lallashi. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga nan ne na shiga laburaren unguwa ina duba littattafan waƙoƙin yara, kuma na ga abin nan tsoho ne. Wani Bature Edward Lear ya fitar da littafin gajerun waƙoƙinsa na ban dariya tun 1846, daga baya a 1871 ya wallafa wadda mujiya da kyanwa suka shiga kwalekwale suka tafi suka yi aure, har yau yaran nan suna haddace ta. T. S. Eliot, babban mawaƙi da manya ke shan wuya kafin su fahimci rubutunsa, shi ma a wasiƙu ya riƙa yi wa yaran abokansa waƙoƙin kyanwoyi masu sunaye na ban mamaki, aka tattara su a littafi a 1939. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta wani malamin addinin Kirista ɗan Ayaland a ƙarni na 9, da ya rubuta wa farar kyanwarsa Pangur waƙa, shi yana farautar ma'anar kalmomi cikin dare ita tana farautar ɓeraye. Sama da shekara dubu kenan kuma ana nan ana karanta ta.

Mu ma ai ba baƙi ba ne a harkar. Waye ya taɓa ganin Dodo da idonsa? Amma kowannenmu ya san yadda muryarsa take. Kuma ku dubi sunan raƙumin dawa, ai haɗi ne irin na ɗiyata, an ga dabba mai dogon wuya aka ara mata sunan raƙumi, mutanen Girka na da can ma raƙumi da damisa suka haɗa suka kira ta. To in manya sun yi, don me za a tsawatar wa yaro.

Akwai masu cewa yaro zai saba da ƙarya, ni ma na yi wannan tunanin kuma ban raina shi ba don tarbiyya ba wasa ba ce. Amma yarinyar nan ta san Kunkuzomo babu shi, da na tambaye ta sai ta kalle ni ta ce Baba ai na cikin waƙa ne. Wata farfesa a Jami'ar Oregon a Amurka, Marjorie Taylor, ita da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2004 da ya nuna kusan kashi 65 cikin 100 na yaran da suka bi sun taɓa yin abokin da suka ƙirƙira kafin su wuce shekara bakwai, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan abokan dabbobi ne. Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a yaudaru, wannan kuwa kowa ya san wasa ake.

Wani abin da ban zata ba, ta hanyar dabbar da babu ita ta fara neman sanin waɗanda ke akwai. Wani ɗan ajinsu ya yi waƙa a kan axolotl, ta ɗauka shi ma ƙirƙira ya yi, sai muka duba a intanet muka ga halitta ce ta gaske mai kama da ƙadangaren ruwa, asalinta tafkin Xochimilco a birnin Meziko, in ƙafarta ta guntule wata take fitowa, kuma a can inda take ta kusa ƙarewa. Sati guda tana tambayata me ya sa.

Roƙona gare ku, iyaye da malamai, ku gwada. Takarda da fensir kawai. Ku ce wa yaro ya ƙirƙiro dabbarsa, ku tambaye shi me take ci, ina take kwana, me take tsoro, wa take so, sai ku bar shi ya jera layi huɗu da Hausa ko amsa-amon bai zauna daidai ba, kar ku karɓe fensirin ku gyara masa. Tambayar tsoron nan ku saurari amsarta da kyau.

Mun je mun ga malamar, ta haɗa ɗiyata da wata yarinya suna zama tare lokacin tara. Jiya da dare ta ƙara baiti na uku, wai Kunkuzomo ya leƙo da kunne ɗaya waje, ta ce in faɗa muku ɗayan kunnen sai sati mai zuwa.

A gaida kowa da kowa.
Naku, ɗan uwanku daga Ingila.