Wane mai ne zai zauna a boris idan babu iska?

Tauraron ɗan'adam ba shi da sitiyari. Idan ana so ya juya ya fuskanci wani wuri, akwai wili mai nauyi a cikinsa da ake ƙara wa gudu ko a rage, sai jikin tauraron ya karkata ta ɗaya ɓangaren. Wilin yakan yi dubban juyi a minti ɗaya, shekara da shekaru, a kan ƙananan boris, kuma babu mai zuwa ya ɗiga masa mai. Aikin da malaminmu ya ɗora mana ke nan a shekarar ƙarshe ta karatunmu a Samaru, Zariya: mu ƙera ɗan ƙaramin wili irin wannan, mu ga wane mai ne zai riƙe boris ɗinsa a inda babu iska.

Kayan aikin na talaka ne. Boris daga kasuwar Sabon Gari, ƙaramin inji mai juya wili da ke aiki da batir, tukunyar ƙarfe mai kauri da muka yi wa murfin gilashi, sai famfon zuƙe iska da muka ara wurin wani dattijo mai gyaran firiji. Da na faɗa masa abin da za mu yi, cewa ya yi: "Yaro, ka cika shi da giris kawai, ƙarfe ba ya ƙin mai." Na ce: "Baba, a mota haka ne. Bari mu ga abin da tukunya za ta ce." Awonmu biyu: wutar da injin ke ja, da tsawon lokacin da wilin ke ɗauka kafin ya tsaya bayan an kashe.

Girisin gareji muka fara sawa. Da muka zuƙe iska muka ɗuma tukunyar, sai wani hazo mai maiƙo ya kwanta a cikin murfin gilashin. Man ne ke tashi kamar tururi yana neman wuri mai sanyi. A kumbo, wurin mai sanyin nan yakan zama idon kyamara ko madubi, ka ga hasara biyu ke nan: boris ya bushe, hoto ya dushe. Shi ya sa ake da ƙa'idar gwaji: a ajiye abu a zafin digiri 125 a ma'aunin Salshiyas na awa 24 babu iska, kada nauyinsa ya ragu da fiye da kashi 1 cikin ɗari, kada abin da ya tashi ya manne a wani wuri ya wuce kashi 0.1. Mayukan da ake amfani da su a wannan fanni, irin su Braycote da Krytox da Pennzane, ba don sun fi santsi aka zaɓe su ba, don ba sa tashi ne.

Ko wanda ba ya tashi, yana rarrafe. Mun sa ɗigo ɗaya a boris, bayan wani lokaci muka tarar da shi ya bi sandar ya fita, kamar yadda kalanzir ke hawa lagwani. Maganin da masana suka samu shi ne su shafa wani siririn shinge da mai ba ya iya hayewa a bakin boris, su kuma jiƙa kejin da ke riƙe ƙwallayen da mai, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Mu kuma mun ga cewa cika giris jan wuta kawai yake ƙarawa. Wanda muka sa wa ɗan mitsitsi ya fi daɗewa yana juyi.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne busasshen mai. Kowa ya san baƙin cikin fensir yana da santsi, har ana goga shi a makullin da ya cije. Ashe santsin nasa aron danshin iska ne. Cire danshin, ya koma gari mai cin ƙarfe. Hodar moli, wato sinadarin molibdinam da sulfa da ake sawa a baƙin girisin mota, akasin haka take: ta fi santsi inda babu iska, danshi kuma shi ke lalata ta. A nan Zariya ta nuna mana halinta. Boris ɗin da muka shafa wa moli muka ajiye a durowa cikin damina ya fi wanda muka shafa nan take muka rufe a tukunya jan wuta da ƙara. Da hunturu ya shigo, danshi ya tafi, ƙura ta karɓe shi, sai da muka koma haɗa kayan a cikin akwatin leda da safar hannu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kumbon Galileo na Amurka an harba shi zuwa Jupita a 1989. A Afrilun 1991 aka umarci babbar eriyarsa ta buɗe kamar lema, sai uku daga cikin haƙarƙarinta 18 suka maƙale. Binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya danganta abin da gogewar moli a lokacin da aka yi ta jigilar eriyar a babbar mota tsakanin Kalifoniya da Fulorida, ga kuma doguwar ajiya bayan hatsarin kumbon Challenger na 1986. Ƙarfe biyu da suka gogu har fatar samansu ta sale, idan babu iskar da za ta maido da ita, manne wa juna suke yi kamar an yi musu walda. Tun a ƙasa aka yi ɓarnar, a sama ta bayyana. Shi kuma kumbon Kepler mai farautar duniyoyi, wili ne ya ba shi matsala: wili huɗu gare shi, yana buƙatar uku, ɗaya ya mutu a 2012, na biyu a 2013, dole aka sauya masa tsarin aiki.

Inda hannu ke kaiwa kuwa, gyaran bai bambanta da na gareji ba. A Nuwamban 2008 'yan sama jannati sun fita wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da bindigar giris, suka goge tare da shafe babbar gwiwar da ke juya fayafayan sola. A nan ne ma giris ya tsiyaye a jakar kayan aikin ɗaya daga cikinsu, tana cikin gogewa jakar ta suɓuce ta tafi.

Famfon firiji ba ya zuƙe iska ya kai ko kusa da yadda sararin samaniya yake, don haka lambobinmu ba na ƙera tauraro ba ne, kuma haka muka rubuta a rahoto. Ga waɗanda za su gaji tukunyar, abin da na bar musu a rubuce shi ne su wanke boris tas daga man da ya zo da shi daga masana'anta kafin su sa komai, su ajiye masu moli a kwalba mai murfi tare da ƙunshin tsotse danshi, su kuma rubuta watan da suka yi kowane awo.